Kilo Ɗari a Kasuwar Tebaram

Ni na haɗa bencin nan da hannuna, don haka duk wanda ya ba ku labarin nan ya ce laifin benci ne, ku turo mini shi. Sunana Tanimu, walda nake yi a Tawa, bayan tasha. A gindin itacen bedin da ke ƙofar shagona mazan unguwa ke ɗaga ƙarfe da la'asar. Kayan ba wasu kaya ba ne: benci guda, sandar ƙarfe mai kilo goma da na zaro daga wata mota da ta mutu, sai faya-fayen siminti da muka zuba a tsofaffin kwanoni muka huda tsakiyarsu. Mutum ya kwanta rigingine, ya sauko da sanda kan ƙirjinsa, ya tura ta sama. Wanda ya tura ya tashi yana hura hanci, wanda ya kasa mu ɗage masa muna dariya.

Ciɗo daga Abijan ya faɗo mana. Asalinsa ɗan Tebaram ne, ya yi shekara shida a can bakin teku, ya dawo da rediyo ɗaya, baƙin tabarau, da baki. Ranar farko da ya ga kayanmu sai ya riƙe ƙugu ya yi tsaki, ya ce a Abijan mata ke ɗaga irin waɗannan don rage ƙiba. Shi fa, in ji shi, kilo ɗari da ashirin yake turawa, ranar ma da mura ta kama shi. Muka ce to bismilla. Ya kwanta ya tura saba'in da ƙyar, jijiyoyin wuya duk sun miƙe. Muka ƙara masa biyar, sanda ta sauko ta zauna masa a ƙirji ta ƙi tashi.

Gaskiya saba'in ba abin rainawa ba ne, ni kaina sittin da biyar nake. Amma wata takwas Ciɗo yana zuwa kullum, wata takwas yana nan daram a saba'in, ko kilo ɗaya bai ƙaru ba. Dalilai kuwa ba su taɓa ƙare masa ba. Yau benci ya yi gajere. Gobe wani ya yi tari lokacin da yake tattara numfashi. Jibi ya gano cewa simintin ƙasar nan ya fi na Abijan nauyi, saboda haka saba'in ɗinmu a can ɗari ne har da ɗoriya.

Aikin yi babu. Shekarun nan ne da ma'aikatan gwamnati ma ke yini a gindin itace suna yajin aiki, balle Ciɗo da ba shi da wata takarda sai hoton da ya ɗauka a jikin motar wani. Matarsa Hajaratu ke tuyar ƙosai a bakin tasha tana ciyar da shi. Sai ga saƙo daga Tebaram, daga wansa Ma'azu, wanda tun rasuwar ubansu maganarsa ita ce magana a gidan: in azumi ya kama Ciɗo bai sami aiki ba, ya tattara ya dawo gida. Ga rijiya, ga bisashe, ga Inna ta tsufa, shi kaɗai ya gaji. Saura wata guda. Shi kuwa Ciɗo, ranar da ya bar garin, a tsakiyar kasuwa ya tsaya ya ce shi da jan guga har abada, kuma ba za su sake ganinsa ba sai cikin mota yana ɗaga musu hannu. Komawa ƙauyen nan ya fi mutuwa ba shi tsoro. Da bakinsa ya gaya mini, wata rana da ya manta tabarau a gida.

Ana cikin haka siyasa ta buɗe, jam'iyyu suka yi yawa har mai shayi ya rasa hoton wa zai manna. Alhaji Rissa, babban dillalin shanu, ya tsaya takarar ɗan majalisa. Da ya je taro Takanamat 'yan hamayya suka yi masa ruwan duwatsu, ɗaya ya tuge masa rawani. Ya dawo ya ce yana neman ƙato da zai riƙa tsayawa bayansa, da albashi, da sababbin kaya, da kujera a mota. Aka kira mu masu ɗaga ƙarfe muka jeru a ƙofar gidansa. Alhaji bai tambayi kowa kilo ba, bai ma san ana auna abin ba. Faɗin ƙirji kawai yake dubawa yadda yake duba bajimi a kasuwa, idonsa kuwa ya tsaya kan Ciɗo. Da Ciɗo ya yi shiru na minti ɗaya, da a nan ya sami aikin.

Ina.

"Alhaji, irina ba a ɗaukar shi da ido," in ji shi. "Bari in gwada maka gaban jama'a. Kilo ɗari, ina kwance. Kai dai hwaɗi wuri."

Alhaji ya ga abin zai tara masa mutane fiye da makaɗa. Ya ce nan da mako uku yana da taro a Tebaram ranar kasuwa. In Ciɗo ya ɗaga a can, aiki nasa ne. In ya kasa, kowa ya kama gabansa. Da aka ambaci Tebaram mutumina ya so ya ja da baya, amma bakinsa ya riga ya ce madalla.

A hanyar komawa na wanke shi tas. Na ce mutumin da ya kasa ƙara kilo ɗaya a wata takwas, ta ina talatin za su fito a mako uku? Na ce ya koma ya gaya wa Alhaji saba'in da biyar, wannan ana iya nema. Na maimaita masa abin da wani tsohon soja ya koya mana: a ɗaga yau, a huta gobe da jibi, a kafa ƙafa a ƙasa, a matse kafaɗu a jikin benci, a riƙa ƙara nauyi kaɗan-kaɗan har jiki ya saba bai sani ba. Har zobba biyu na yanka masa na ƙarfe, kowanne rabin kilo, don ya fara da saba'in da ɗaya. Ya ɗaga su sama ya nuna wa jama'a, ya ce Tanimu ya yi wa Hajaratu 'yan kunne. Aka yi mini dariya, na ji haushi, na sa wa bakina linzami.

Shirin Ciɗo na farko shi ne hutu na ragwaye ne. Da safe ya ɗaga, da azahar ya ɗaga, da la'asar ya ɗaga, in ya ga ba kowa ya ƙara. Kwana uku saba'in ta gagara. Kwana biyar ya koma sittin, kafaɗa ta riƙe, sai Hajaratu ce ke sa masa riga. Muka ce to yaya, zaki? Ya ce mu jahilai ne, ƙarfin yana taruwa ne a ciki, shi ya sa ba a ganinsa a waje.

Shiri na biyu abinci. Wai a Abijan wani Bature ya gaya masa sirrin. Ɗanyen ƙwan zabi goma, cuku, tozon raƙumi, da man gyaɗan tuyar Hajaratu, ya dama duka cikin fura ya shanye a tsaye a gaban jama'a, ya shafa ciki ya ce mu saurari aiki. Muka kuwa saurara. Yana kwance ya sauko da sanda rabin hanya cikinsa ya yi wata magana da har direbobi suka waiwayo. Ya ce mu karɓa, mu karɓa don Allah. Muka karɓa, ya zura da gudu bayan katangar tasha riƙe da wando. Kwana uku yana wannan zirga-zirga, 'yan kamasho suna yi masa sannu da hanya duk wucewa, wani har ya tambaye shi ko a yanka masa tikitin zuwa da dawowa. Maƙwabciyarsu mai fura ta leƙo ta katanga ta ce wa Hajaratu ashe ƙarfin da aka ce yana taruwa ya sami hanyar fita.

Ya warke ya rame, amma bakin bai rame ba. Tun makon farko ya zuba manyan faya-faye biyu a tsohon daro, yanzu sun bushe. Muka kai su sikelin masu fata a kasuwa, gaban mutanen Alhaji, kowanne ya buga arba'in da biyar cif. Da sanda, ɗari. Aka shafa musu fentin jam'iyya. Shiri na uku ke nan: Ciɗo ya ce abin da ya rage masa zuga ce kawai. Ya ɗauko makaɗin 'yan kokowa, ya sha wani jiƙo mai ɗaci da boka ya ba shi, ya ɗaura layu a damtse har hannun ba ya lanƙwasuwa sosai. Jama'a ta cika gindin bedi. Ni da wani muka riƙe bakin sanda dama da hagu, makaɗi ya saki kiɗa, Ciɗo ya daka mana tsawa mu saki.

Muka saki.

Sanda ba ta tsaya gaisawa ba, ta faɗo masa a ƙirji, wani ɗan kuka ya fita daga bakinsa irin na akuyar da aka taka. Ƙafafunsa suka tashi sama suna harbin iska. Makaɗi ya ɗauka salon Abijan ne, ya ƙara wa ganga wuta yana kiransa giwa, yana kiransa dutsen Adar. Sai da muka taru mu huɗu muka ɗage. Da numfashi ya dawo masa, abin da ya fara cewa shi ne makaɗin nan kiɗan noma ya yi masa, ba na kokowa ba, jikinsa kuwa ba ya amsa kiɗan noma. Makaɗi ya rataya gangarsa ya ce shekara talatin yana kiɗa bai taɓa ganin wanda ƙarfe ya kayar ya yi ƙarar ganga ba.

Washegari Ciɗo ya zo da amalanke ya kwashi faya-fayen, ya ari benci da sanda, ya ce idon mutane ya yi yawa a gindin bedi, shi ke danne masa nauyi. Ya kulle kansa a ɗaki mako guda. An dai ga ya sayi rabin buhun siminti, an kuma ga yana bin matan unguwa yana roƙon ƙaiƙayi wai zai cusa matashin kai. Saura kwana uku ya aiko mu zo, amma mu tsaya daga bakin ƙofa, kada wanda ya shiga. Muka leƙa. Ga sanda, ga manyan faya-faye da fentinsu. Ya kwanta ya tura sau biyar, a na biyar har yana tambayata lafiyar iyali. Wallahi kunya ta kama ni, na ce ashe na zalunci bawan Allah. Na ba shi hannu na nemi gafara, ya ce ya yafe, ai ba laifina ba ne da ban taɓa fita ƙasar waje ba.

Abin da ban sani ba sai daga baya shi ne faya-fayen huɗu ne a ɗakin. Ya sake zuba wasu biyu a daron nan dai, amma ya jera ƙananan ƙore a ciki, ya cika su da ƙaiƙayi, ya lulluɓe da siminti kaurin yatsa biyu, ya shafa fenti iri ɗaya. Kowanne bai wuce kilo goma sha biyar ba. Na ƙarya ya jingine su a bakin ƙofa, na gaskiya ya tura su lungu. Shiri ya yi kyau, saura a kai su Tebaram ba tare da hannun kowa ya taɓa ba sai nasa.

Ranar tafiya kuwa hannunsa yana wurin tela. Ya sa Alhaji ya ɗinka masa buje, wandon nan mai faɗi, da riga marar hannu da yadin jam'iyya, tela bai gama ba, Ciɗo ya zauna masa a kai yana koya masa ɗinki. Motar kaya ta iso gidansa, direba yana ta danna oda. Ciɗo ya aika a ce wa Hajaratu ta nuna wa masu lodi biyun da ke bakin ƙofa. To, a bakin ƙofa ɗaya ne. Tun jiya Hajaratu ta ɗauki ɗayan ta rufe bakin tukunyar man tuyarta da shi saboda kaji, don ta ga ba shi da nauyi. Masu lodi suka ɗauki na bakin ƙofa, suka shiga lungu suka cika da guda. Ba wanda ya tambayi Hajaratu komai, ita ma ba ta ce komai ba. Ta dai hau mota da wani ƙaton ƙunshi ta ce za ta gaida surukarta.

Ni na tafi don in kafa benci. Hanyar Tebaram yashi da duwatsu, muka isa rana ta take. Tun daga bakin gari Ciɗo ya miƙe tsaye a bayan mota, tabarau a ido, yana ɗaga hannu dama da hagu, har ga raƙuma. Kasuwa ta cika maƙil, Buzaye bisa raƙumansu, mata masu cuku da masu fura, awaki ko'ina. Ya diro ya durƙusa gaban Inna, tsohuwa tana share hawaye. Sai ga Ma'azu. Na zaci zan ga babban mutum, sai na ga wani siriri busasshe, riga ta koɗe, tafin hannu duk kanta. Ya dubi ƙanensa daga tabarau har buje, ya ce an zo lafiya, ya koma gefe ya tsuguna.

Aka share fili a gaban rumfar Alhaji, na kafa benci, na ɗora sanda a marataya. Ciɗo ya nufo don ya sa faya-fayen da kansa, sai maroƙan garin suka tare shi da kirarin kakansa. Nan ya tsaya, ƙirji a waje, yana juyawa a hankali don kowa ya samu ya gani. Masu lodi suka ci gaba da aikinsu. Na ga mutum biyu sun rungumo faifai ɗaya suna nishi suna tangaɗi. Na ga kuma Isuhu, ɗan dakon tasha mai 'ya'ya biyar, ya saɓo ɗayan a kafaɗa shi kaɗai yana taku ɗai-ɗai. Shi Isuhu tun a Tawa ya ji abin ba nauyi, amma ya ɗauka ƙarfi ne Allah ya saukar masa da tsakar rana, ya yi shiru yana shirin neman aikin wa kansa wurin Alhaji.

Nan na san akwai matsala. Na kutsa cikin maroƙa na ja Ciɗo gefe na ce ya zo ya duba kayansa, akwai abin da bai yi mini ba. Ya waiwaya, idonsa ya faɗa kan Isuhu da faifai a kafaɗa, hankalinsa ya kwanta, biyun kuwa da suka sha wuya sun riga sun zura nasu sun tafi neman ruwa.

"Tanimu, hassada ba ta da kyau," in ji shi. "Yau ranata ta. Tahi ka samu inuwa."

Na ce aƙalla ya bari in sa ƙusa a bakin sanda don kada faifai ya zame, in kuma tsaya a kansa. Ya ce a Abijan wanda aka tsaya wa a kai ba a lissafa shi cikin maza. Na tafi na sami inuwar, kamar yadda aka umarce ni.

Mai shela ya ɗauki lasifika. Ya ce jama'ar Tebaram su buɗe ido, ga ɗansu da Turawan Abijan suka roƙa ya zauna ya ƙi. Ya ce kilo ɗari ne, an auna a sikelin masu fata, da shaidu. Sannan ya ɗaga murya: "Yadda wanga bawan Allah za shi ɗaga ƙarhen ga, haka Alhaji Rissa za shi ɗaga ƙasar Adar!" Mata suka yi guɗa. Alhaji ya gyara zama. Ciɗo ya miƙa wa wani dattijo tabarau ya riƙe masa, ya tofa yawu a hannu, ya kwanta, ya yi wa sama murmushi.

Ya shirya wa kilo arba'in ne, saboda haka da fara'a ya tura. Hagu ta tashi fit. Dama ta ce ba da ita ba. Sanda na barin marataya ɓangaren gaskiya ya nufi ƙasa, ɓangaren ƙarya ya nufi sama da ƙarfin da Ciɗo ya tara na mako uku, faifan ya zame ya bar sanda ya tashi. Kowa ya ɗaga kai yana binsa da ido. Ya yi juyi biyu a iska ya sauka a kan motar Alhaji, ya tarwatse. Ƙore suka yi ta gangarowa, ƙaiƙayi ya tashi ya rufe rumfa, ya sauka a rawanin Alhaji, a shayin manyan baƙi, a bakin mai shela da ke buɗe. Awakin kasuwa suka ji ƙamshin gida. Kafin a ce wani abu sun haye motar, wata ta sa ƙafa a cinyar Alhaji tana lasar masa babbar riga.

Shi kuwa gwanin, nauyin dama ya jawo shi daga benci ya yi da shi ƙasa, faifan gaskiya ya kwanta a kan bujensa ya danne yadin da ƙasa. Ya yunƙura ya gudu, buje ya ce ko shi ko mutunci. Ya zauna. Ya sa hannu biyu ya ture faifan, amma kafaɗar da ya gama kashewa da kansa ta ƙi. Sai wata tsohuwa mai cuku ta ɗauki ɓarin ƙwarya ta juya shi ta ce wannan ai ƙwarya ce mai kyau, wane marar hankali ya binne ta a siminti? Nan dariya ta ɓarke. Wani Buzu ya yi dariya har ya kwanta a wuyan raƙuminsa. Daga baya can wani ɗan hamayya ya ɗaga murya ya ce su dai sun gode, yau an fasa musu alkawarin jam'iyya sun ga abin da ke ciki.

Ciɗo daga zaune ya fara bayani. Ya ce maƙiya ne suka musanya masa kaya a hanya. Ya ce a Abijan ma haka ake zuba faifai, ƙaiƙayin don ya riƙe danshi ne. Ya ce a tambayi Tanimu, bencin ya karkace. Na taso daga inuwa da niyyar in ɗauki sandar nan in gwada masa karkata, sai na ga Ma'azu ya riga ni.

Ya nufi wurin ƙanensa. Ya sunkuya ya kama sandar da faifan a jikinta, kilo hamsin da biyar, ya ɗauke daga kan bujen ƙanensa kamar mai ɗauke tabarma, ya tsaya riƙe da ita yana waige-waige.

"Ina za a aje wanga abu?" ya tambaye ni.

Na nuna masa motar kaya. Ya ɗaga ta sama da kansa, ya miƙa ta bisa kayan da ke can ƙoli, ya kaɗe hannu, ya juya zai tafi. Numfashinsa ko canzawa bai yi ba. Alhaji Rissa, da akuya a gefe da ƙaiƙayi a gira, ya bi shi da irin kallon nan nasa na kasuwar shanu. Ya sa aka kira shi, ya tambaye shi a ina ya koyi ɗaga ƙarfe. Ma'azu ya ce shi bai san wani ƙarfe ba, ruwa dai yake ja wa bisashe tun yana ɗan shekara goma. Alhaji ya ce yana son aiki? Da albashi, da kaya, da kujera a mota, a tafi yau.

Ma'azu ya ce shi bai taɓa wuce Takanamat ba, kuma yana so ya ga Tawa kafin ya mutu, amma wa zai bar wa rijiya da bisashe da Inna? Yana faɗin haka idonsa ya sauka kan Ciɗo, wanda ke tsaye yana kaɗe buje. Idon Inna ma ya sauka a kansa. Idon rabin kasuwa ya sauka a kansa.

"Yaya, ai azumi bai kama ba tukuna," in ji Ciɗo, muryar ta koma ƙarama.

"Bai kama ba," in ji Ma'azu. "Amma aikin da kaz zo nema an ba wani."

Ina jin wani ƙara a bayana na waiwaya. Hajaratu ce ta sauke ƙunshinta tana kwancewa: tukwane, kaskon tuya, tabarmi biyu, rediyon Abijan, har da buta. Na ce mata, Hajaratu, wannan duk gaisuwar suruka ce? Ta ce ita ke share ɗakin kullum, kuma ta gaji da ciyar da kilo ɗari da kuɗin ƙosai. A nan aƙalla akwai rumbu. Ta ɗora kasko a ka ta bi bayan Inna.

Aka kori awaki, aka goge mota. Ma'azu ya shiga gida ya fito da riga ɗaya a hannu, ya zauna a kujerar da Ciɗo ya yi mako uku yana gaya wa mutane tasa ce. Ta taga ya kira ƙanensa ya yi masa bayani a taƙaice: igiya tana rataye a zaure, jan sa ɗin nan yana harbi, kada a bar raƙumar ta sha kafin shanu. Isuhu yana bayan mota ya haɗa kai da gwiwa, tun da ya ga ƙwarya ya gane ba ƙarfi aka saukar masa ba.

Na ɗaure bencina na hau. Direba ya tayar da mota. Sai na ji an kama mini gefen riga. Ciɗo ne, ba tabarau, dattijon da ya riƙe masa ya tafi da shi. Ya duba dama da hagu ya ga ba mai jinsa, ya matso da baki kusa da kunnena. Tausayinsa ya kama ni, ban so ba amma ya kama ni.

"Tanimu, don Allah, kai da ka san awo. Gugan ga na shanu, in ya cika, kilo nawa na?"

Na ce ban taɓa aunawa ba, amma Ma'azu ya ce sau tamanin ake jawo shi kafin azahar.